Hoton Wuyan Mai Walda

"Sake shi, Yaya! Na ce ka sakar masa wuya, nan ne wurin ciwon!"

"Ciwon me? Matsa ki ba ni wuri kafin in haɗa da ke."

Ina jin haka na yar da tsintsiya, na kife bokiti a gindin katanga na hau. Kada ku ga laifina, katangar ce gajeriya, kuma ba ni na gina ta ba.

Mai Walda, maƙwabcina, yana jingine da bangon ɗakinsa, wansa ya shaƙe shi da hannu ɗaya. Ɗaya hannun kuma ya ɗaga wasu fallayen magani sama kamar wanda ya kama ɓarawo da kayan sata. Matar gidan, Uwar Biyu, ta rataye a damtsen wan tana ja, shi ko gezau. Tagwayen sun shige ƙarƙashin tebur suna tsala ihu.

Wan nan nasa Kofur ake ce masa. Bai taɓa shiga soja ba, gadin wani kamfani ya yi da kaki da ƙaton takalmi. An sallame shi tuntuni, amma ya ƙi sallamar takalmin.

"A cikin akwatin kayan aikinka na same su," in ji Kofur. "Ƙarƙashin tsumma. Mai gaskiya yana ɓoye magani a ƙarƙashin tsumma? Tun yaushe ka fara?"

"Yaya, likita ce ta..."

Bai ƙarasa ba mari ya sauka. Na ji ƙarar har cikin haƙorina, ni da haƙoran ma saura kaɗan.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san inda aka faro.

Mai Walda mutum ne da ko kaza ta shiga shagonsa sai ya roƙe ta ta fita. Shagon yana nan bakin titi, gaban gidansu. Ƙofofi da tagogin layinmu rabi aikinsa ne. Idan ya ja layin walda, za ka rantse da zare aka ɗinka. Gadona ya karye sau ba adadi, saboda jikoki da tsalle, kullum ya gyara ya ce, "Iya Rediyo, ki rage ɗaukar labari, nauyinsa ne yake karya gadon." Wai Rediyo. Haka unguwar ta laƙaba mini, don kawai ina tambayar lafiyar mutane.

To, sai mutumin nan ya soma canzawa. Ci yake kamar an aiko shi, amma rama yake yi, wandonsa har ya ƙara wa bel huda. Gumi ko da sassafe. Barci ya ƙaurace masa. Idanunsa suka firfito waje, idan ya dube ka sai ka ɗauka zagi ne ke tafe. Uwa uba hannu: ya riƙe kan walda yana karkarwa, layin ya fito kamar sawun tsutsa. Ga faɗa. Wanda kaza ba ta tsoronsa ya koma jifa da guduma. Wata rana ya wanke Uwar Biyu da mari a kan ta ce ya huta, sannan ya zauna a ƙasa yana kuka ya fi ta.

Ita ce ta lura wuyansa ya cika ta gaba, ta tasa shi sai asibiti. Na ce zan yi rakiya, don mace ɗaya ba ta iya da majinyaci. Gaskiyar magana kuma, an ce akwai na'urar da ke leƙa cikin wuyan mutum, ni kuwa ba a leƙe ba ni.

Aka kwantar da shi, aka shafa masa wani mai mai sanyi a maƙogwaro, mai hoton ya dinga goga wani abu kamar kan dutsen guga. A allon na'urar sai ga wani abu toka-toka mai fukafukai biyu. Ya danna wani wuri, abin ya cika da ja da shuɗi, yana ƙyalƙyali kamar gobara ta kama rumfa.

"Wannan kuma fa?" na tambaya.

"Jini ne ke gudu a ciki, Iya. Ya yi yawa."

Aka ɗebi jininsa, aka ce mu dawo. Da muka koma, likitar, wata siririya mai gilashi, ta jera takardun biyu a tebur. Ni karatuna bai wuce haɗa baƙi ba, amma kunnena ko masu digiri sai su ara. Abin da ta faɗa yana nan daram a kaina.

Ta ce akwai wata 'yar tsoka a gaban maƙogwaro, tayirod sunanta, ita ke murɗa wutar jiki kamar yadda ake murɗa risho. Ta ɗora yatsa a kan hoton. "Wannan siffa kawai yake nunawa. Tsokar ta kumbura gaba ɗaya, amma babu ƙari a ciki, babu alamar daji. Sai dai hoto ba ya faɗin yadda take aiki. Jini ne ke faɗa."

Ta ja ɗaya takardar. Akwai wasu haruffa, T da S da H. Ta ce wannan ɗan aike ne daga ƙwaƙwalwa, shi ke zuwa ya ce wa tsokar ta ƙara wuta. In wuta ta yi yawa, ƙwaƙwalwa sai ta daina aiko shi, kuma nasa ya kusa ɓacewa ɗungurungum. Na ƙasa, T da lamba huɗu, shi ne wutar kanta, ta haura inda ya kamata nesa ba kusa ba.

"To wa ya murɗa masa?" in ji Uwar Biyu.

"Gwaji na uku ke nan. Jiki yana da sojojinsa masu kashe cuta. Nasa sun ruɗe, sun koma suna zungurar tsokar nan dare da rana. Ba abin da ya ci, ba abin da ya sha, ba wanda ya yi masa. Ramar, da faɗan, da rawar hannun, da idon, duk daga nan ne."

"Ashe sojan ciki ma akwai mai ƙaton takalmi da ƙaramin kai," na ce.

Mai Walda ya tuntsire da dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa na manta.

Ta rubuta magani iri biyu, ɗaya na rage wutar, ɗaya na lallashin zuciya, don zuciyar tasa gudu take kamar an biyo ta. Ta ce sai an yi makonni kafin a ga sauƙi. Sannan ta cire gilashin ta dube shi ido cikin ido. "Kada ka yanke shi da kanka, ko da ka ji garau. In zazzaɓi mai zafi ya zo, ko amai, ko ka ga ya rikice," ta juya ga matar, "kada ki jira komai. Ki kawo shi."

A hanya ya roƙe mu kada a gaya wa kowa. Wai maƙoƙo ciwon mata ne, abokan aiki za su mai da shi abin dariya. Na yi alkawari, kuma na riƙe, ban da ƙanwata da mai kitso, su kuwa ba a unguwar suke ba.

Magani bai gama kama jikinsa ba tsautsayi ya faɗa. Wani mai gini ya dawo da taga ya ce aikin banza ne, ya ƙara da cewa dama an ce ya fara shan ƙwaya. Mai Walda ya ɗauki guntun rodi ya fasa masa goshi. Labari ya kai wa Kofur a can ƙarshen gari, ya ɗauro takalminsa ya taho.

Abin da ya sa kowa ya yi shiru da ya shigo, ɗan Kofur na fari ƙwaya ce ta kashe shi. A bayan tasha aka tsinci gawarsa, ƙashi da fata. Tun daga ranar Kofur bai sake zama daidai ba.

To, kun ji yadda aka yi na tsinci kaina a kan bokiti. Da na ga mari na biyu ya sauka, na diro, na zagaya ta ƙofa. Kafin in shiga, maza sun cika tsakar gidan, kowa ya harɗe hannu.

"Kofur, ji nan," na ce. "Da ni aka je asibitin. Da kunnena na ji."

"Na kai hoton wurin mai kemis," ya ce, ya zaro takardar daga aljihu duk ta cukurkuɗe. "Ya karanta mini layin ƙarshe. Babu ƙari, babu daji. Wuyansa lafiya lau. Hoto ba ya ƙarya."

"Ta jinin fa? Ya karanta maka ta jinin?"

"Ya ce lambobi ne sun hau sun sauka. Jinin ɗan ƙwaya dama ya zauna daidai?"

"Kai, saurara. Akwai ɗan aike daga ƙwaƙwalwa, shi ne ya ɓace, sai sojojin jiki suka..."

Wani daga baya ya ce, "An kunna Rediyo." Tsakar gida ta ɗauki dariya.

"Iya," in ji Kofur, "ba ke kika ce matar mai shayi ciki ne da ita ba, ashe kumburin ciki ne? Ba ke kika aurar da mai wanki sau biyu yana zaune bai sani ba? Koma gidanki, ina ganin girman furfurarki. Wannan idon na san shi. Wannan ramar na san ta. Na yi wa ɗana sanyi, ina lallashi ina kai shi wurin masu farar riga, har na binne shi. Ba zan binne ƙanena ba."

Ya ɓare fallayen ɗaya bayan ɗaya a kan siminti, ya sa dugadugin takalmi ya murje, ya kwara ruwa a kai. Uwar Biyu ta durƙusa tana kwasar farin ruwan da tafin hannu, ya sa ƙafa ya ture ta, kanta ya bugu da bakin rijiya. Nan Mai Walda ya yi kukan kura ya cafki wansa. Da yana da ƙarfinsa na da, da ya kayar da shi. Amma jikin ya zama kara. Maza uku suka danne shi, yana cizo yana harbi da ƙafa, idanun nan kamar za su faɗo ƙasa.

"Kun gani ko?" Kofur yana haki. "Kun ga yadda ƙwaya take sa su?"

Suka ja shi zuwa siton da yake ajiye ƙarafa, ɗaki mai rufin kwano da 'yar taga can sama. Kofur ya ɗaura masa sarƙa a ƙafa, ya zarge a jikin wani tsohon injin, ya rufe ƙofar ƙarfe ya danna kwaɗo. Ya jawo benci ya zauna a bakin ƙofar, kulki a cinya. Ya ce sai ƙwayar ta fita daga jininsa tas zai buɗe.

Bangon siton shi ne bangon ɗakina. Duk abin da ya biyo baya, a kunnena aka yi shi.

Da farko zagi ne, da dukan ƙofa. Daga baya ya koma roƙo. "Yaya, don Allah. Ƙirjina, Yaya. Zafi." Kofur ya amsa daga waje, "Daure, ƙanena. Haka take yi in za ta fita. Ni ma ban runtsa ba." Kuma gaskiya ne, bai runtsa ba. Shi ke kai masa abinci da ruwa, shi ke kwashe bokitin bayan gida da hannunsa, ya fito yana share ido da hular kansa.

Uwar Biyu ta bi gidajen dangi, kowa ya ce babban wa uba ne, ta yi haƙuri. Ta kai tagwayen wurin uwarta, ta koma asibiti da goshi a kumbure. Likitar ta ba ta wani maganin, ta ce a kawo shi ko da a ɗaure ne. Ta rubuto wa Kofur 'yar takarda, ya yage ta ba tare da ya kai wa kowa ya karanta ba. Ya shiga binciken kwanon abinci da cokali, har ruwan sha sai ya ɗanɗana.

Ni kuwa na san akwai wata kafa a bangona, bayan kabad, inda bututu ya taɓa wucewa. Kada ku tambaye ni yadda aka yi na san tana kallon cikin siton. Na naɗe maganin a leda, na ɗaura a bakin sandar labule, na zura.

"Ɗan nan," na yi raɗa. "Kai, Mai Walda. Karɓi."

Na leƙa. Yana kwance a kan buhu, tsirara sai gajeren wando, gumi ya yi kwance a ƙarƙashinsa. Inda sarƙar ta ci idon sawunsa ya ruɓe, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Ya juyo ya dubi sandar, ya dubi kafar.

"Iya Rediyo," ya ce, "ki ce su kashe injin. Na gama aikin. Su kashe."

Ya miƙa hannu, hannun na rawa, ledar ta faɗi nesa da inda sarƙar ke kaiwa. Sai amai ya turnuƙe shi.

Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Rana tsaka, kwano na ƙara saboda zafi. Na tarar da Uwar Biyu a madafa na ce, "Abin da likita ta faɗa ne. Zazzaɓin, da aman, da rikicewar, duk sun haɗu."

Ta fito ta tsaya gaban benci.

"Yaya, ba ni makullin."

"Wannan shi ne na ƙarshe, in ya wuce wannan ya warke. Na ga an yi wa wasu."

"Ba ni makullin, Yaya."

"Ke kika lalata shi. Ke kike sayo masa."

Ta juya ta shiga shago. Na ɗauka kuka za ta je yi. Sai ga ta da bututun ƙarfe, tsawon hannu. Kofur ya ɗaga kulki zai tare, ta sauke masa a damtse, na ji ƙashi ya ce ƙas. Ya zube daga benci yana salati, ta ƙara masa a kafaɗa, ta ɗaga na uku saitin kansa. Na rungume ta ta baya.

"Makulli kika zo nema, 'yar nan, ba kai ba!"

Ni na zura hannu a aljihun kakin na zaro. Da ƙofar ta buɗe, zafi da wari suka buge mu. Jikinsa ba ya taɓuwa, kamar ƙarfen da ya gama yi wa walda. Mazan da suka danne shi rannan su ne suka ɗauke shi yanzu, ba mai kallon wani. Aka tsayar da wata motar ɗaukar kaya, aka shimfiɗa shi a baya, kansa a cinyar matarsa, ƙafafunsa a tawa.

Na ɗora tafin hannu a ƙirjinsa. Zuciyar ba bugawa take ba, ɓari take, kamar keken ɗinki a hannun mai sauri, ta yi ta tsallake ta dawo. Uwar Biyu tana zuba masa ruwa a ka tana cewa, "Baban Biyu, mun kusa. Ka ji? Ga kwanar nan." Leɓɓansa suna motsi. Na sunkuya.

"Ku ce wa Yaya..." ya ce.

Motar ta faɗa rami, muka yi sama muka dawo. Da na mai da hannuna, keken ya tsaya.

Sun yi ta danna masa ƙirji a asibiti, likitar har gilashinta ya faɗi. Ta fito ta dubi ƙafarsa, ta dubi goshin matar, ba ta tambaye mu komai ba.

Bayan an share makoki, Uwar Biyu ta kwashe kayanta ta koma gidansu. Hukuma ta kira Kofur ta sake shi, ta sake kiransa, maganar tana nan tana jan ƙafa. Unguwa kuwa ta rabu biyu, har yau akwai masu cewa ƙwayar ce ta riga ta cinye shi.

Wata la'asar ina tsintar shinkafa a ɗaki, aka yi sallama. Kofur ne, hannu a rataye cikin filasta, silifa a ƙafarsa. Ya rame har ya soma kama da ƙanen. Ya zauna a bakin kujera, ya ciro takardun nan biyu ya shimfiɗa a gwiwarsa, yana lallashe su da hannu mai lafiyar.

"Iya, faɗa mini abin da likitar ta ce. Daga farko."

"Yau kuma Rediyo kake son ji?"

"Faɗa mini."

Na faɗa masa. Hoton da abin da yake iya gani, da abin da ba ya iya gani. Ɗan aiken da ya ɓace. Wutar da ta haura. Maganin rage wuta da na zuciya, da abin da ke faruwa in an yanke su rana ɗaya. Ban ƙara gishiri ba ko ƙwaya ɗaya, abin da ban saba ba. Yana bin lambobin da yatsa, alhali takardar a juye take.

"Da an bar shi yana sha," ya ce, "da ya tashi?"

"Ta ce masu irinsa suna nan suna aikinsu, har su ga jikoki."

Ya ɗauke yatsansa daga takardar.

"An ce ya yi magana a mota."

"Ya yi. Ya ce, ku ce wa Yaya."

"Ku ce mini me?"

"Iyakar abin da ya faɗa ke nan."

"Ƙarya kike!" Ya miƙe, takardun suka zube. "Ke da ba ki taɓa barin labari babu ƙarshe ba! Me ya ce? Ya yafe ko ya tsine? Faɗa mini ko wanne ne!"

Ya hankaɗe tiren shinkafar, ta watsu har ƙarƙashin gado. Ya tsaya a kaina yana huci, hannunsa a dunƙule. Wallahi harshena ya yi ƙaiƙayi, ƙarshe biyu suka zo mini a take, kowanne ya fi wani daɗin faɗa.

"Motar ta faɗa rami, Kofur," na ce. "Bai ƙarasa ba."

Ya juya ya fita, ya bugo ƙofar da ƙarfin da sai da ƙasa ta zubo daga rufi.

Na zauna ina jiran in ji tafiyarsa, ban ji ba. Ƙofata ba ta kai ƙasa, akwai tazara kamar faɗin tafin hannu. Ta nan nake hango dugadugansa biyu a kan silifa, a tsaye, sun ba ni baya. Kajin maƙwabta suka zo suna tsattsagar shinkafar da ta gangara waje, har a tsakanin ƙafafunsa, bai kore su ba.